Allurar Kotizon a Gaɓa: Wanda Ta Dace da Shi da Wanda Za Ta Cuta

Darasi domin uwayen ƙasa da hakimai da malamansu

An shirya wannan darasi domin a bayyana muku al'amarin wata allura da ta yi suna wajen masu ciwon gwiwa da kafaɗa, watau wadda a ke sokawa cikin gaɓa, a ke kiranta allurar kotizon, ko kuwa sitiroyid. Mun ɗauki Kalmalo ta ƙasar Illela misali, domin abin da ya shafe ta ya shafi ko wane gari na bakin iyaka. Mutanenta manoman lambu ne da makiyaya da 'yan kasuwa, aikinsu na durƙuso ne da ɗaukar kaya, in kuwa shekaru suka ja gwiwa ce ke biyan bashin wannan aiki. Ga kasuwar Illela kusa, ga Birnin Ƙonni a ƙetaren iyaka, magani yana shigowa ta ko wace fuska, na kirki da na banza. Talaka kuwa in ciwo ya dame shi ya kan ji ta bakin shugabansa tun kafin ya ga likita. Saboda haka ya wajaba ku san gaskiyar maganar.

Gaskiyar kuwa ita ce: allurar tana kwantar da kumburi da zafi na 'yan makonni, amma ba ta gyara gaɓar da ta lalace. Tana da amfani ga wanda likita ya duba har ya gane irin cutarsa. In an yi ta da ka, tana iya nakasa mutum.

1. Asalin maganin

Allah ya halicci wasu 'yan ƙullutai guda biyu a jikin ɗan Adam, ɗaya a bisa ko wace ƙoda. Su ke fid da wani sinadari cikin jini wanda ke tsawata wa kumburi. Masana suka daɗe suna neman su ware shi. A watan Satumba na 1948, a Asibitin Mayo na Amurka, wani likita mai suna Philip Hench, tare da abokin aikinsa Edward Kendall, suka gwada kotizon a kan wata mace da amosanin gaɓɓai ya kwantar. Cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. Labari ya gama duniya, har a 1950 aka ba su lambar girma ta Nobel tare da Tadeus Reichstein na ƙasar Suwizalan.

Ba a daɗe ba murna ta ragu, don an ga in maganin ya yi yawa cikin jini fuska ta kan kumbura, ƙashi ya yi rauni, in kuwa aka daina ciwon ya komo. Sai a 1951 wani likita a birnin Filadelfiya, Joseph Hollander, ya nuna dabarar zuba maganin cikin gaɓar da ke ciwo kaɗai, don sauran jiki ya huta. Wannan ita ce allurar da mu ke magana a kanta. Kada a gama ta da wani sitiroyid da wasu 'yan wasa su ke sha don tara ƙwanji. Sunan ne ya zo ɗaya, aikin dabam.

2. Yadda ta ke aiki

Ku kwatanta jiki da gari, kumburi kuwa da dogarai. In wani abu ya taɓa gaɓa, sai jiki ya aika dogaransa, wurin ya cika, ya yi zafi, ya kumbura. Aikin kotizon shi ne ya ce wa dogaran nan su koma gida. To, in dogarai sun taru ne a banza suna ta da hankalin mai gida, sallamarsu alheri ce. Amma in ɓarayi ne a cikin gidan, watau ƙwayoyin cuta, wanda ya sallami dogarai ya miƙa musu gidan ke nan.

Akwai kuma abin da allurar ba ta iya yi. A kan bakin ko wane ƙashi na gaɓa akwai guringuntsi mai santsi, shi ke hana ƙashi ya goga ɗan'uwansa. Da tsufa da aikin wuya da nauyin jiki sai ya riƙa cinyewa kaɗan kaɗan, kamar yadda igiyar guga ta ke cin bakin rijiya. Kotizon ba ya mai da guringuntsin da ya tafi.

3. Mutum huɗu, cuta huɗu

A ce mutum huɗu sun zo zauren hakimin Kalmalo, ko wane yana cewa sanyin ƙashi ke damunsa.

Na fari dattijo ne manomin lambu. Gwiwarsa ta kan yi ciwo in ya tashi daga zaune ko ya yi tafiya, ta kan yi ƙara, wani lokaci ta tara ruwa. Wannan zaizayewar guringuntsi ce. In ciwon ya taso masa har ya hana shi barci, allura ɗaya a hannun likita tana iya ba shi sauƙin da zai samu ya motsa ƙafar.

Ta biyu mace ce mai matsakaitan shekaru. Yatsun hannuwanta duka biyu sun kumbura, da safe su kan sanƙare fiye da sa'a guda. Wannan amosanin gaɓɓai ne, irin wanda dogaran jiki su ke far wa gaɓɓan mai su. Maganinta na ainihi ƙwayoyi ne da likita zai ɗora ta a kai, irin su metotirekset, ana bi ana auna jininta. Allura tana iya kwantar da gaɓa guda da ta fi tsanani, amma in aka tsaya a kanta kaɗai yatsun za su karkace.

Na uku makiyayi ne. Gwiwarsa ta kumbura cikin kwana biyu, tana sheƙi, tana zafi kamar garwashi, ga zazzaɓi, ba ya iya taka ƙafar. Watakila ƙaya ce ta soke shi, ko kuwa an yi masa tsaga a wurin. Wannan mugunya ce cikin gaɓa, tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Magani shi ne a kai shi asibiti ran nan, a zuƙe ruwan, a auna, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wanda ya soka masa kotizon ya ƙara wa wuta makamashi. Haka kuma tarin fuka ya kan shiga gaɓa ko ƙashin baya a hankali, tare da rama da gumin dare. Ga kuma bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, wadda mutum ke ɗauka ta shan madarar da ba a dafa ba, ita ma ta kan zo da ciwon gaɓɓai da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa.

Na huɗu saurayi ne mai sikila, yana ɗingishi saboda ciwon kwatangwalo. Sau da yawa irin wannan jini ne ya kasa kai wa kan ƙashin cinya, har ƙashin ya fara mutuwa. An sani kotizon yana iya tayar wa mai sikila da ciwonsa mai tsanani. Nijeriya kuwa ta fi ko wace ƙasa yawan masu wannan cuta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 ana haihuwar jarirai kamar 150,000 da ita ko wace shekara.

Ku duba, ranku ya daɗe: suna ɗaya suka kira ciwonsu, amma ɗaya allurar ta dace da shi, ɗaya ta ɗan taimaka mata, biyu kuwa ta cuce su. Mai allura a rumfar kasuwa ba shi da abin da zai rarrabe su. Rashin sani ya fi dare duhu.

4. Abin da gwaji ya nuna

A 2015 masana na ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 27 da aka yi wa masu zaizayewar gwiwa. Suka ga sauƙin ya fi ƙarfi a makonnin farko, yana raguwa zuwa mako na shida, bayan wata shida kuwa ba a ga sauran amfaninsa ba.

A 2017 aka bayyana wani gwaji da aka yi a birnin Boston na Amurka. An raba mutum 140 kashi biyu. Kashi ɗaya ana yi musu allurar kotizon a gwiwa ko wane mako 12 har shekara biyu, ɗaya kashin ana zuba musu ruwan gishiri kawai, ba wanda ya san abin da aka ba shi. Da aka auna a ƙarshe, ciwonsu bai bambanta ba, guringuntsin masu kotizon kuwa ya fi na sauran raguwa, kamar ninki biyu, ko da ya ke raguwar ba ta kai kaurin farce ba.

A 2020 kuma aka gwada mutum 156, rabi aka yi musu allura, rabi aka sa su motsa gaɓa a hannun masu gashin ƙashi. Bayan shekara guda masu motsa gaɓa sun fi samun sauƙi, sun kuma fi iya aiki da ƙafar.

Saboda haka yawancin likitoci su ke bin ƙa'ida: a bar aƙalla wata uku tsakanin allura da allura a gaɓa guda, kada kuma a wuce uku ko huɗu a shekara. In an yi ta sau ɗaya ko biyu ba ta yi amfani ba, ba dalilin a ƙara.

5. Waɗanda lalle su faɗa wa likita halinsu

Mai ciwon sukari, don sukarinsa ya kan hau na 'yan kwanaki bayan allurar, har mako guda ko fiye, sai ana aunawa.

Mai hawan jini, da mai shan maganin tsinka jini, da mace mai ciki ko mai shayarwa.

Mai shan maganin cutar ƙanjamau, don akwai iri guda mai suna ritonabir da ke hana jiki fid da kotizon, sai ya taru ya yi ɓarna.

Wanda za a yi wa aikin sauya gwiwa ko kwatangwalo cikin wata uku, don allurar tana ƙara haɗarin ruɓa bayan aikin.

Mai ƙurji ko gyambo kusa da gaɓar, da wanda ya faɗi a ke zaton karaya ko tsagewar ƙashi. Wannan hoton ƙashi ya ke bukata tukuna. Ba a kuma soka kotizon cikin agara, don tana iya tsinkewa.

Ko a hannun gwani, wasu ciwon ya kan ɗan ƙaru kwana ɗaya ko biyu kafin ya kwanta. Wasu fatar wurin ta kan yi fari ko ta lotsa, abin kuwa ya fi fitowa a baƙar fata. A huta da gaɓar kwana biyu. Amma in bayan kwana biyu ko uku zafi yana ƙaruwa, ga zazzaɓi, a koma asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne.

6. Haɗarin hannu da na kwalba

Cikin gaɓa wuri ne mai tsarki daga ƙwayoyin cuta, allura kuwa ƙofa ce. A asibiti a kan wanke fata da magani, a sa safar hannu, a ɓare sabon sirinji a gaban mai ciwo. In aka sake yin aiki da sirinjin da aka soka wa wani, cutar jininsa ta bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2010 kaɗai allurar rashin tsabta ta sa wa mutum har miliyan 1.7 ciwon hanta irin na B, da kamar 315,000 irin na C. Ƙasar Masar ta ga wannan da idonta. Daga wajen 1950 zuwa bayan 1980 an yi wa ɗimbin mutanen karkara allurar maganin tsargiya da sirinjin da ba a dafa sosai ba, ƙasar ta daɗe tana cikin waɗanda suka fi kowa yawan ciwon hanta irin na C.

Kwalbar ma abin dubawa ce. A 2012 a Amurka wani kamfanin haɗa magani ya fid da allurar kotizon da ta gurɓata da fumfuna. Mutum fiye da 750 suka kamu a jihohi 20, fiye da 60 suka rasu, alhali likitoci ne suka yi musu allurar a wurare masu tsabta. In haka ta faru inda a ke sa ido, ina ga kwalbar da ta yini cikin rana a kan faranti, ba a san inda ta fito ba? Araha ba ta ado.

Doka kuwa a fili ta ke. An hana tallar magani a kasuwa da tasha da cikin mota. Mai ƙaramin kemis, lasinsa na sayar da magungunan da ba su bukatar takardar likita ne, bai ba shi ikon yin allura ba. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar magunguna, Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya kuwa ita ke ba kemis lasin.

7. Suna biyu, magani ɗaya

Ga wata matsala ta mutanen bakin iyaka. Maganin da ya shigo ta wajen Nijeriya sunansa da Ingilishi ne, wanda ya shigo ta Nijar kuwa da Faransanci. Kenalog da Kenacort Retard abu ɗaya ne, watau tirayamsinolon. Depo-Medrol da Diprostène da Célestène duk dangin kotizon ne. Sai mutum ya sami allura a wannan gefe, bayan mako biyu ya tsallaka ya sami wata, yana zaton ya sake magani, alhali ninkawa ya yi. Ga kuma 'yar ƙwayar deksa da a ke sha don ciwon jiki ko don ƙiba, ita ma kotizon ce mai ƙarfi. Galibin masu allurar kasuwa ma a ɗuwawu su ke soka maganin, ya bi jiki duka, watau an koma ga ɓarnar da Hollander ya nemi kauce wa.

Alamun wanda kotizon ya yi wa yawa su ne: fuska ta yi kewaye ta cika, ciki ya yi tumbi, hannu da ƙafa su sirance, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa. Daga baya sukari da hawan jini da yanar ido su biyo, ƙashi ya riƙa karyewa da ƙaramin dalili. 'Yan'uwa su kan ce ya yi ƙiba, ya sami lafiya. Ku kula ƙwarai: wanda ya daɗe yana shan ƙwayar kada ya yanke ta rana ɗaya, don ƙullutan nan na bisa ƙoda sun yi barci, jiki yana iya faɗuwa. Likita ne zai rage masa sannu sannu.

8. Abin da ya fi allura daɗewa

Ƙarfin naman cinya shi ne garkuwar gwiwa. Mai ciwo ya zauna a kujera, ya miƙe ƙafa sosai, ya ƙirga goma, ya sauke, sau goma safe da maraice. Ya riƙa tafiya daidai ƙarfinsa, kada ya kwanta wa ciwon. Mai jiki ya rage nauyi, don ko wane kilo guda da ya sauka ya kan rage wa gwiwa kamar kilo huɗu a ko wane taki. A riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen, watau in gwiwar dama ke ciwo sanda a hagu. Mai aikin lambu ya sami 'yar kujera maimakon tsugunno, a raba buhu biyu maimakon ɗauka gaba ɗaya. Gashi da ruwan ɗumi yana taimako in gaɓar ba ta kumbura da zafi ba. Maganin shafawa na dikilofenak ya fi na sha sauƙin haɗari, don na sha in an daɗe a kai yana taɓa ciki da ƙoda, balle lokacin bazara da jiki ke ƙarancin ruwa. Wanda durƙuson salla ya gagare shi kuwa, addini ya yi masa sauƙi, sai ya tambayi malamai.

9. Aikin uban ƙasa da malaminsa

Na ɗaya, a sa a yi shela a masallatai da ranar kasuwa cewa gaɓar da ta kumbura da zafi da zazzaɓi ba ta kwana a gida. In iyalin ba su da kuɗin mota, hakimi ya sa a taimaka, don kwana biyu na jinkiri yana iya zama gurguntaka ta har abada.

Na biyu, a san hanya. A fara da asibitin gari, sa'an nan Babban Asibitin Illela. In abin ya fi ƙarfinsu su za su tura Sakkwato, Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Asibitin Ƙashi na Wamakko. A Kano kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959.

Na uku, malamin hakimi ya koya wa mutane riƙon 'yar takarda. Duk wanda aka yi wa allurar gaɓa, ko a wane gefen iyaka, ya roƙi a rubuta masa ranar, da gaɓar da aka soka, da sunan maganin kamar yadda ya ke a kwalba, da yawansa, da sunan asibitin. Ya nuna ta ga duk likitan da ya je wa. Wanda bai iya karatu ba malam ya duba masa, ya gaya masa watan da bai kamata a sake ba kafinsa.

Na huɗu, uban ƙasa ya tara masu kemis da maɗora da wanzamai, ya yi musu magana da girmamawa, don su mutane ke fara zuwa wa. A roƙe su in sun ga gaɓa mai zafi kada su tsaga, kada su sa ƙaho, kada su soka kome, su tura asibiti. Wanda ya tura ya yi aikin lada, sunansa kuma ya tsira.

Na biyar, in aka ga mai yawo da allura a kasuwa ko ƙauye, malam ya rubuta rana da wurin, a kai rahoto Sashen Lafiya na Ƙaramar Hukuma, su sanar da NAFDAC. Kada a bar matasa su ɗauki hukunci a hannunsu.

Tambayoyi domin zaman majalisa

1. Don me allurar kotizon ta ke cutar da wanda gaɓarsa ta tara mugunya?
2. Wata nawa ya kamata a bari tsakanin allura biyu a gwiwa guda?
3. Waɗanne abubuwa biyar za a rubuta a takardar mai ciwo?
4. In wani ya daɗe yana shan deksa, fuskarsa ta kumbura, wace shawara za a ba shi?
5. A ƙasarku, mutum nawa ke yin allura ba da izni ba, wa kuma ya san su?

A karanta wannan darasi a gaban masu unguwanni, a maimaita musu sashe na 3 da na 9 har su riƙe. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ƙara wa uwayen ƙasa lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.